Ina kuran zai bi idan maganaɗisu ya motsa? Amsa ga wata ɗalibar Garwa

Tambayar da aka turo mini ga ta a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise (sakandare) a nan Garwa, bana zan zauna jarrabawar bak. Na haddace dokar Lenz tsaf, amma da an zana bobin (naɗin waya) da maganaɗisu aka ce in nuna inda kuran (wutar lantarki mai gudana a waya) zai bi, sai in koma canki-canka. Wani zubin in ga kuran ɗin ya saɓa wa maganaɗisun, wani zubin in ga ya bi bayansa. Sannan watan jiya moter ɗin injin niƙan babana ya ƙone da injin ya cije, mai gyara ya ce cijewar ce ta cinye shi. Da alaƙa tsakanin abin da muke karantawa da wannan?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya mayar wa babanki da alheri, ke kuma ya ba ki sa'ar jarrabawa. Alaƙa akwai ta, kuma ta kusa ce ƙwarai, zan zo kanta. Amma bari mu fara da ruɗanin, don na san daga inda yake fitowa. Shekara da shekaru ina duba takardun ɗalibai, kuma kusan duk wanda ya faɗi a wannan tambaya kalma ɗaya ce ta sulluɓe masa wajen hadda. Kin riƙe cewa kuran ɗin "yana saɓawa", kin bar abin da yake saɓa wa. Abin da yake yi wa turjiya shi ne canji. Maganaɗisun kansa ba ruwansa da shi: in ya zauna wuri ɗaya, ko ya kwana a cikin bobin, ko ɗigon kuran ba za ki gani ba. Saboda haka abin da kika lura da shi, cewa wani zubin ya saɓa wani zubin ya bi, idonki bai yi miki ƙarya ba. Haka abin yake.

Kada ki ji kunyar wannan kuskure, manyan masana sun yi shekara goma sha ɗaya suna tuntuɓe a kansa. A 1820 wani malami a Kofanhagen ta ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya ga allurar kamfas ta karkace da ya saki kuran a wayar da ke kusa da ita. Daga nan kowa ya ce to, tunda kuran yana haifar da maganaɗisu, ai maganaɗisu ma sai ya haifi kuran. Sai suka riƙa ajiye maganaɗisu mai ƙarfi kusa da waya suna jiran allurar awo ta motsa, ita kuwa ko gezau. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Jean-Daniel Colladon a Janeba, a 1825. Ya haɗa komai daidai: ga bobin, ga maganaɗisu, ga galbanomita, wato na'urar da ke nuna ɗan ƙaramin kuran. Don gudun kada maganaɗisun ya ja allurar kai tsaye, sai ya kai na'urar wani ɗaki daban ya haɗa su da doguwar waya. Ya zura maganaɗisu cikin bobin, ya taka zuwa ɗakin ya duba, ya tarar da allura a kwance. Ta motsa, amma a daidai lokacin da yake zurawa, kafin ya iso ta koma mazauninta.

Michael Faraday ne ya kama abin a Landan, ranar 29 ga Agusta, 1831. Ya ɗauki zoben ƙarfe ya naɗa masa waya biyu da ba su taɓa juna ba, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ya haɗa ta farko da batir, ta biyu ya kai ta wurin allura. Da ya jona batir sai allura ta zabura gefe guda ta dawo. Kuran yana ta gudana a waya ta farko, allura tana zaune lafiya. Da ya cire batir sai ta sake zabura, amma zuwa ɗaya gefen. A watan Oktoba na shekarar ya gwada da sandar maganaɗisu: in ya zura allura ta yi nan, in ya zare ta yi can, in ya tsaya ta tsaya. Joseph Henry a Amurka ya gano makamancin haka da kansa a wajajen lokacin. Shi kuwa Emil Lenz, wanda ke aiki a San Pitasbag ta Rasha, shi ya fitar da ƙa'idar da ke faɗin alƙiblar kuran ɗin, aka wallafa ta a 1834.

To mene ne yake canzawa? Abin da littafinku ke kira fuluks, yake rubuta shi da harafin Φ. Ki ɗauka ana ruwan Agusta, kin fita tsakar gida riƙe da bakin rariya wadda aka cire mata raga. Yawan ruwan da zai ratsa ta cikin zoben ya dogara da ƙarfin ruwan, da faɗin zoben, da yadda kika riƙe shi. In kin shimfiɗa shi yana kallon sama, ruwa mai yawa zai wuce. In kin karkata shi ya ragu. In kin tsayar da shi a gefensa, babu abin da zai ratsa. Layukan maganaɗisu su ne ruwan, zoben waya shi ne bakin rariya, shi ya sa ake rubuta Φ = B × S × cos θ, inda B yake ƙarfin maganaɗisun, S faɗin zoben, θ kuma karkatarsa. Duk tambayar da za a kawo miki a bak, ɗaya daga cikin ukun nan ake taɓawa: ko B ya ƙaru ko ya ragu saboda an matso da maganaɗisu ko an canza kuran a wata bobin ta kusa, ko faɗin zoben ya canza, ko an juya shi. Janareta na ukun yake amfani da shi.

Yawan ƙarfin turin da ake samu, wanda kuke taƙaitawa da f.é.m. kuke aunawa da bolt, ya dogara da saurin canjin: e = −N × ΔΦ/Δt, inda N yake yawan naɗi, ΔΦ canjin fuluks, Δt kuma lokacin da canjin ya ɗauka. Ki ɗauki bobin mai naɗi 200, faɗin kowane zobe 0.002 m², B ya tashi daga sifili zuwa tesla 0.05 cikin daƙiƙa 0.1. Canjin fuluks a zobe ɗaya shi ne 0.05 × 0.002, wato weba 0.0001. Ki ninka da 200, ki raba da 0.1, kin sami bolt 0.2. In rezistans ɗin da'irar gaba ɗaya, wato yadda take taƙaita gudun kuran, om 10 ne, kuran zai zama amfiya 0.02. Ki yi wannan motsin a cikin daƙiƙa ɗaya cur, bolt ɗin ya ragu sau goma. Wannan ɓangaren lissafi ne, kuma ba shi ke kayar da ɗalibai ba. Ƙaramar alamar ragi da ke gaban N, ita ce dokar Lenz, kuma a kanta nake so mu zauna.

Kin san halin jakin masu ɗebo yashi a bakin Binuwai. Ki ja shi gaba ya turje, ki tura shi baya ya cije. Ba gaba yake ƙi ba, ba baya yake ƙi ba, inda yake tsaye nan yake so a bar shi. Bobin haka take da fuluks ɗin da ke cikinta. In yana ƙaruwa, sai ta saki kuran da zai haifar da nata maganaɗisun yana fuskantar akasin na waje, don ta rage ƙaruwar. In yana raguwa, sai ta saki kuran da zai haifar da maganaɗisu mai bin alƙiblar na waje, don ta tallafe shi kada ya zube. Kin ga inda "saɓawa" da "bi" suka fito, hali ɗaya ne ya bayyana ta fuska biyu.

Ga yadda nake so ki riƙa bi a takardar jarrabawa, kuma kada ki tsallake ko ɗaya saboda sauri. Da farko ki zana kibiya mai nuna inda layukan maganaɗisun waje suke bi a cikin bobin. Ki tuna suna fita daga kan arewa, suna shiga ta kan kudu. Sannan ki tambayi kanki, ƙaruwa suke yi ko raguwa, ki rubuta amsar da kalma a gefen zanen. Wannan rubutun shi ne rabin makinki. Sai ki zana kibiya ta biyu, ta maganaɗisun da bobin za ta haifar: akasin ta farko in ƙaruwa ce, gefe ɗaya da ita in raguwa ce. A ƙarshe ki miƙa babban yatsan hannunki na dama ya bi kibiya ta biyu, ki lanƙwasa sauran yatsun huɗu. Inda suka zagaya, nan kuran yake bi. Hannun dama na ce. Na sha ganin ɗalibi riƙe da biro a dama, ya ɗaga hagu don ita ce a sake, ya yi komai daidai ya ƙare da amsa a juye.

Mu gwada. Ana matso da kan arewa na maganaɗisu zuwa bakin bobin. Layuka suna fita daga maganaɗisun suna shiga bobin, kuma ƙaruwa suke yi. Bobin za ta mayar da martani da layuka masu fitowa daga bakinta zuwa wajen maganaɗisun, wato wannan bakin ya zama kan arewa. Arewa da arewa ba sa shiri, sai ta riƙa tura shi baya. In kika tsaya a bayan maganaɗisun kina kallon bakin bobin, za ki ga kuran yana zagayawa saɓanin hannun agogo, irin alƙiblar da alhazai ke bi wajen ɗawafi in an hango su daga sama. Yanzu a janye wannan kan arewan. Layukan ba su canza alƙibla ba, har yanzu cikin bobin suke shiga, amma raguwa suke yi. Sai bakin bobin ya koma kan kudu, ya riƙa jan maganaɗisun kada ya tafi, kuran kuma ya bi hannun agogo. Da kan kudu komai juyewa yake yi: matso da shi kamar janye arewa ne, janye shi kamar matso da arewa ne. Ba sai kin haddace huɗun ba. Mai zuwa ana tura shi, mai tafiya ana riƙe shi, sauran aikin na hannun dama ne.

Akwai tarko biyu a nan. "Hannun agogo" ba shi da ma'ana sai kin faɗi inda kike tsaye, domin zagayen da kika gani saɓanin agogo daga gaba, wanda ke bayan bobin zai gan shi yana bin agogo. Ki riƙa rubuta "in an kalla daga wajen maganaɗisu". Na biyu, in an tambaye ki ko kuran daga A zuwa B yake bi a cikin rezistans ɗin da aka haɗa, dole ki bi wayar da bakin fensir ki ga ta gaban bututun ta hau ko ta bayansa. Bobin biyu masu kama da juna, in an naɗa su hannu daban-daban, amsarsu za ta bambanta. Kuma kibiyar kuran da muke zanawa al'ada ce da aka kafa tun kafin J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. Su ilektiron akasinta suke bi. In ba a ambace su a tambaya ba, ki bar su.

Yanzu ga abin da na fi so ki fahimta, domin in kin kama shi ba za ki sake buƙatar hadda ba. Me ya sa turjiya? Me ya hana bobin ta taimaka wa mai turo maganaɗisu? Ki ƙaddara ta taimaka. Kin ɗan matso da kan arewa, sai bakin bobin ya zama kudu ya jawo shi. Jan ya ƙara masa gudu, gudun ya ƙara saurin canjin fuluks, kuran ya ƙaru, jan ya sake ƙaruwa. Ga gudu yana hauhawa, ga waya tana zafi, ga fitila tana ci, kuma babu wanda ya biya ko sisi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Makamashin da ya fito a matsayin wuta dole wani ya zuba shi, kuma hanyar zuba shi ita ce a yi aiki a kan wani abu da ke turjewa. Turjiyar da kike ji a hannu lokacin zura maganaɗisu, ita ce kuɗin wutar. Lenz ya rubuta dokarsa shekara goma sha uku kafin Hermann von Helmholtz ya shimfiɗa ƙa'idar adana makamashi a 1847, daga baya aka ga ashe tasa reshe ce na wannan babbar bishiyar.

Kunnenki ma ya san wannan doka tun kafin ki shiga lise. In an ɗauke wuta a unguwa aka tayar da gurup, wato janareta, ki saurari sautinsa lokacin da ba a jona masa komai ba: a sake yake gudu. Yana haifar da bolt ɗinsa, amma tunda da'ira a buɗe take babu kuran, kuma in babu kuran babu maganaɗisun turjiya. Da an jona dutsen guga sai ki ji ya yi nishi ya nauyaya, sannan ya farfaɗo. Kuran ya fara gudana a naɗin, ya haifar da maganaɗisun da ke riƙe abin da ke juyawa, gudu ya so ya faɗi, sai gwamnan injin, wato abin da ke daidaita gudunsa, ya ƙara buɗe mai don a koma juyi 3,000 a minti, wanda shi ke ba da has 50, wato kai-kawon kuran sau 50 a daƙiƙa, a ƙaramin gurup mai kan maganaɗisu biyu. Ƙarin fetur ɗin da aka sha shi ya zama zafin dutsen guga. Haka abin yake a madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan Binuwai da injuna huɗu masu jimillar megawat 72. Duk fankar da aka kunna a unguwar Yelwa ko a Marwa tana ƙara wa waɗannan injuna nauyin juyi, sai an ƙara sakin ruwa. Shi ya sa shekarar da tafkin ya ja baya mukan ji a jikinmu a watannin zafi. Ta wannan ma'aunin za ki auna bidiyon da ake yawo da su a Facebook, na fanka da aka liƙa wa maganaɗisu wai tana ba da wuta har abada ba batir ba mai. Duk inda kika ga haka akwai batir a ɓoye ko wayar da kyamara ba ta nuna ba, kuma yana ci mini rai in ga matasa masu basira suna zuba kuɗinsu suna kwaikwayonsu.

Gani ya kori ji, don haka ga gwajin da nake yi wa ɗalibaina, ke ma kina iya yi a gida. Na samo bututun jan ƙarfe mai tsawon kamar mita ɗaya wurin masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, da ɗan maganaɗisu mai ƙarfi irin na neyodimiyam, mai sheƙi kamar azurfa, wanda zai shige bututun ba tare da ya gogi bango ba. Nakan fara manna shi a jikin bututun kowa ya ga bai kama ba, domin jan ƙarfe ba ya cikin abin da maganaɗisu ke ja. Sai in saki guntun alli ta sama, kafin ƙiftawar ido ya faɗo a tafin hannuna. Sannan in saki maganaɗisun. Aji yakan yi tsit. Yaro ya tara hannu a ƙasa yana jira, abu bai fito ba. Wanda ya leƙa ta sama zai gan shi yana sauka a hankali yana ɗan juyi, kamar tsakuwa a cikin zuma, ba ya taɓa ko'ina. Akwai wata yarinya da ta karɓi bututun ta ɗaga shi saitin taga ta leƙa, ta zura yatsa ta shafa cikinsa, tana neman mai ko zare. Da ba ta samu ba sai ta ce a sake, aka sake har sau biyar.

Bututun nan tarin zobba ne da aka jera. Zobban da ke ƙasan maganaɗisun suna ganin fuluks yana ƙaruwa, sai su tura shi sama. Waɗanda ke samansa suna ganin yana raguwa, sai su jawo shi sama. Kuran ɗin ƙasa da na sama alƙiblarsu ta saɓa, amma aikinsu ɗaya, rage masa gudu. Ba za su iya tsayar da shi cak ba, domin da ya tsaya canji ya ƙare, kuran ya mutu, ya ci gaba da faɗuwa. Irin wannan kuran mai kewaya a cikin dunƙulen ƙarfe shi littattafanku na Faransanci ke jingina wa Léon Foucault, wanda ya yi aiki a kansa a 1855. Saboda shi ne ba a yin cikin taransfoma da ƙarfe guda, sai falle-falle masu siriri da aka raba da shafe, don a datse masa hanya kada ya ɓata wuta a zafi. Tsohuwar kwantar wuta mai faifan alminiyam da ke juyawa, ita kuma da gangan aka sa mata maganaɗisu a gefen faifan ya zama birki.

Tambayar sandar ƙarfe da ke zamewa a kan layin dogo biyu tana rufe da'ira, wadda masu shirya bak ke so, ba sabon abu ba ce. In layukan B suna shiga cikin takarda kuma sandar tana tafiya ta yadda da'irar ke faɗaɗa, fuluks mai shiga yana ƙaruwa, martani ya fito daga takarda zuwa gare ki, kuran ya zagaya saɓanin agogo, e = B × L × v (L tsawon sandar, v gudunta), ƙarfin Laplace kuma, wato turin da maganaɗisu ke yi wa waya mai ɗauke da kuran, ya ja sandar baya. In kika sami ƙarfin yana tura ta gaba, kin yi kuskure a wani wuri, ki koma. Ki riƙe wannan a matsayin ma'aunin duba amsarki. Ki kuma tuna sandar ita ce batir ɗin da'irar, don haka a cikinta kuran daga ragi yake tafiya zuwa tarawa.

Bobin ma tana yi wa kuran ɗin kanta wannan turjiya, kuma ni a jikina na fara koyon haka. Kafin in zama malami na yi shekaru ina koyon naɗin moter a shagon wani dattijo. Wata rana ya ba ni babban naɗi ya ce in gwada ko wayar ba ta tsinke ba. Na ɗauko batir ɗin mota mai bolt 12, wanda nake taɓa kawunansa kullum ba na jin komai. Na riƙe bakin wayoyin da yatsu na ɗora, lafiya lau. Da na ɗaga sai tartsatsi ya yi tsalle, wani abu ya fizge ni har kafaɗa. Maigidana ya ajiye abin da ke hannunsa ya duba yatsuna, sannan ya ce, "Naɗi ba ya son a raba shi da wutarsa farat ɗaya. In za ka cire, kada fatarka ta zama hanya." Bai taɓa jin sunan Lenz ba, amma abin da ya faɗa shi ne dokar. Yanke kuran cikin ɗan ƙanƙanin lokaci yana sa Δt ya zama ƙarami ƙwarai, sai e ya yi tsalle zuwa ɗaruruwan bolt, yana ƙoƙarin ci gaba da tura kuran ta inda yake bi. Da irin wannan dabarar ta canji na farat ɗaya, haɗe da naɗi na biyu mai zagaye dubbai, ake samun dubban bolt ɗin da ke sa buji tartsatsi a mota da babur. Shi ya sa kuma masu haɗa na'urori ke sa diyod, wanda ke barin kuran ya bi ta gefe ɗaya kawai, a gefen naɗin rele, wato makunnin da maganaɗisu ke ja, don wannan kuran ya sami inda zai zagaya ya mutu ba tare da ya fasa taransisto ba.

Sai mu zo kan injin babanki. Ban ga moter ɗin ba, amma yawancin na injin niƙa irin wanda ake kira asinkoron ne, mai layi uku. Abin da ke juyawa a cikinsa ba a jona shi da wuta ko kaɗan. Sanduna ne na alminiyam ko jan ƙarfe da aka haɗe bakinsu da zobba, kamar keji. Naɗin da ke jikin bango shi ke haifar da maganaɗisu mai zagayawa, juyi 1,500 a minti in moter ɗin mai kan maganaɗisu huɗu ne a has 50. Kejin yana ganin fuluks yana wuce shi, sai kuran ya tashi a sandunansa don ya hana wannan wucewar, kuma hanyar hanawa ɗaya ce, ya bi maganaɗisun da gudu. Ba ya taɓa kamo shi, don in ya kamo canji ya ƙare. Ki je ki karanta farantin da ke jikin moter ɗin, za ki ga an rubuta wani abu kamar 1,440 ko 1,450. Wannan ɗan gibin da ya rage zuwa 1,500 shi ke ɗaukar nauyin niƙa.

Idan moter yana gudu yadda ya kamata, gibin kaɗan ne, kuran ɗin keji daidai misali, abin da ake ja daga layi ma daidai misali. Idan injin ya cije, ko dawa ta yi yawa a baki, ko dutse ya shiga tsakanin faranti, kejin ya tsaya cak alhali maganaɗisu yana ta zagaya shi da cikakken gudu. Canjin fuluks ya kai maƙura. Kuran mai yawa ya tashi a keji, maganaɗisunsa ya yi ƙoƙarin danne na bango, naɗin bango kuma ya jawo ƙarin kuran daga layi don ya riƙe nasa. A wannan hali moter yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da aka rubuta masa. Zafin waya kuwa da murabba'in kuran yake tafiya, ninki shida na kuran ya zama ninki 36 na zafi, ga fankar da ke bayansa ta tsaya tare da shi. Ba a daɗewa shafen da ke jikin wayar ya narke, zagaye ya taɓa zagaye, wannan warin da duk mai niƙa ya sani ya tashi. Mai gyaran ya faɗi gaskiya.

Ki gaya wa Baba, in an gama naɗin, ya sa a haɗa masa rele tarmik, wato na'urar da ke yanke wuta in kuran ya yi yawa, a akwatin kunnawa, a saita shi daidai da amfiyar da ke rubuce a farantin, kuma kada kowa ya ɗaure shi ko ya tsallake shi don yana yawan yankewa. In yana yankewa, akwai abin da yake gani. A riƙa tayar da injin babu hatsi a ciki, sai ya kai gudunsa a fara zubawa. In wuta ta zo da rauni, ko layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke, aka ji moter yana gurnani bai juya ba, a kashe nan take, kada a tsaya ana taimaka masa da jan bel. Ke kuma in an buɗe shi wurin mai naɗi, ki roƙi Baba ya tafi da ke ki ga kejin da idonki, ki ƙirga sandunan, ki duba yadda cikinsa yake falle-falle. Ki tafi da littafinki ki zana shi, ki sa kibiyoyin nan biyu a kan sanda ɗaya, sannan ki turo mini zanen in duba.